Abduljalil Da Sunan Da Indo Ta Kasa Faɗa

Da an sallame asuba Malam Abduljalil yake fitowa daga ɗan ɗakin da yake haya a Balad, tsohon garin Jidda, ya tari motar unguwar Sa'alaba. Shi ke buɗe ofishin Umda, wato mai unguwar da hukuma ta naɗa. Ya yi shara, ya ɗora shayi, ya jera kujeru a baranda. A wajen hukuma aikinsa ke nan. Amma duk Bahaushen da ya zauna kudancin Jidda ya san ba shayi ke tara mutane a barandar nan ba. In an yi Hausa, Abduljalil ne kunnen Umda. In an yi Larabci, shi ne bakin 'yan takari.

Iyayensa Hausawan Sudan ne, a Jidda suka haife shi. Bai taɓa taka Sudan ba, balle ƙasar Hausa. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, kuma har gobe da iƙama, takardar izinin zama, yake zaune kamar kowane baƙo.

Shekarun nan doka ba ta kwana inda ta yini. Yau a ce wannan sana'a ta 'yan ƙasa ce, gobe a shafa wa tsohuwar unguwa jan fenti a ce za a rushe, jibi a ce marar iƙama ya miƙa kansa a kai shi gida. Umda Nawaf ba shi ke yin doka ba, ba shi ke soke ta ba. Abin da ya iya shi ne ya bar ƙofarsa a buɗe ga duk mazaunin unguwarsa, ya buga waya inda waya za ta yi amfani. Mutane kuwa tsoro ya hana su zuwa, sai da Abduljalil ya bi su gida gida yana cewa, "Wallahi ma fi mushkila, ba matsala, ku zo. In an kama ku a barandar nan, a haɗa da ni."

Sajida mai sayar da masa a kasuwar Bab Makka ta ga ranar da ya goya wani tsoho mai ciwon ƙafa har bakin mota. Wasu sun gan shi tsaye a kan gawar wani lebura da abokansa suka ji tsoron cewa sun san shi. Sai dai abin tausayi, duk wanda ya taimaka wa, tafiya yake yi. Da hannunsa ya yi ta raka maƙwabtansa, har aka wayi gari masu gaishe shi da Hausa a hanya suka ƙare. Yakan ci abincinsa shi kaɗai a baranda, yana kallon filin da a da gidaje ne.

Ana cikin haka Indo ta zo. Tsohuwa ce da idonta ya fara dushewa. Ta zo aikin hajji da ɗanta a goye, mijinta ya rasu a nan, ba ta koma ba. Ɗan ya girma yana tura baro a Bab Makka. Sun shirya miƙa kansu tare, sai aka kama shi a kasuwa aka kai shi tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. In aka tura su dabam dabam, shi ke nan. Ita ba ta ganin hanya, shi kuma bai san ƙasar ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Ba wanda ke jiran ɗayansu a can.

Umda ya ɗauki waya da niyyar roƙon a haɗa su jirgi ɗaya. "Ya Hajja, ish ismu?"

Abduljalil ya ce, "Wai mene ne sunansa?"

Indo ta ce, "Babba nake ce masa."

"A kasuwa fa?"

"Dogo."

Da Dogo za a nemo mutum a gidan da dogaye suka yi yawa? Umda ya sake tambaya, ta sunkuyar da kai. Ya ce to ta faɗi sunan uban. Ta ƙara sunkuyar da kai. Bawan Allah ya ajiye waya yana mamakin uwar da ba ta san sunan ɗanta ba.

Ta sani sarai. Ɗan fari ne, ɗayan kuma miji, bakinta bai taɓa kama ko ɗaya ba. Mai karatu zai ce, haba, ana ga wuta wa ke ta kunya? Ai ta gwada. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi, sai hawaye. Wannan kunya kaɗai ce ta rage mata daga kayan da ta taho da su daga gida. Rubutu ba ta iya ba, waɗanda suka san sunan kuwa ƙasa ta rufe wasu, rusau ya watsa sauran.

Abduljalil ya yi wa Umda bayani a taƙaice, ya jawo tabarma ya zauna a gabanta. "Ma'alesh ya Inna, kar ki damu, halas, kar ki faɗa. Ni zan faɗa, ke dai ki saurara."

Ya fara. Isiyaku? Ba shi ba. Rafi'u? Ba shi ba. Mus'ab? Ta ce, "Kai, wannan ai na zamani ne." Ya ƙare sunayen Annabawa, ya shiga na Sahabbai, ya kira sunayen maƙwabtansa da suka tafi ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na sauka a kan kowanne. Shayi ya huce, aka yi azahar aka dawo. Sai ya ce Zaharadden. Indo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza.

Na mijin bai ba da wahala ba. Daga cikin mayafi ta ce, "Mai sunan babban yaƙin nan na watan azumi."

"Badaru?"

Ta ƙara nutsewa cikin mayafi. Umda ya ce yalla, ya ɗauki waya. An samu Zaharadden Badaru, kuma kujerarsa na kusa da ta uwarsa ranar da suka tashi.

Kai ne ka yi wannan, Abduljalil. Da wani ne, da ya daka mata tsawa ta faɗa, ta tafi da ɗanta amma ta bar mutuncinta a ƙasan baranda. Kai ka fitar mata da duka biyun. Raka-baƙo, ba a raka ka!

Yanzu an ce aikinka ma ya shiga cikin na 'yan ƙasa, ƙarshen watan nan za ka miƙa makulli. Umda na ta neman wanda zai tsaya maka kafili ya ɗauki nauyin iƙamarka, Allah ya sa a dace. Ku da kuka rage a Jidda, wanda ya iya harshe biyu ya ara wa maƙwabcinsa ɗaya. Kuma ku leƙa Balad ku gaishe shi da Hausa, don ya daɗe bai ji an yi masa sannu da aiki ba.

Kwanan baya Indo ta sa an kira mata Sajida a waya daga can gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Ki gaishe min da wancan na ofishin Umda."

Sajida ta ce, "Wa? Abduljalil?"

Indo ta ce, "Ke dai kika faɗa. Ai ya girmi Babba. Yaushe kika ji na kama sunan ɗan fari?"

Da Sajida ta kai masa saƙon, ya ajiye farantin shayi ya zaga bayan ofis, ya daɗe bai fito ba. Mun gode, ɗan Indo. Allah ya saka da alheri.