Injin da Baffa Ya Rataye a Tsamiya

Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari kowa ya san shi. Amma idan ƙasar ta sha baƙin mai kafin ruwan ya sauka, wani wari take tayarwa daban, mai nauyi, mai kama maƙoshi. Shekaranjiya na shaƙe shi a bakin wani gareji a Birnin Kudu ina kan hanyar kasuwa, sai ga ni a gindin tsamiyar gidanmu can wajen Dingaya, ina 'yar yarinya, ina kallon inji yana lilo a jikin sarƙa.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ya daɗe a Kano yana kanikanci, ba ma ganinsa sai da sallah. Wata bazara ya dawo ba sallah ba biki, da wata doguwar mota wadda ba ta zo da ƙafarta ba, babbar mota ce ta jawo ta da igiya. Washegari ya tara samari suka ciro injin, suka rataye shi a reshen tsamiyar da ke bayan zaure. Daga nan inuwar da muke wasan 'yartsana ta zama tasa.

Ka san yadda zafin bazara yake a ƙasar Gwaram, ko kaji buɗe baki suke yi. A cikin wannan zafin Baffa ya warware injin nan kaf, ya jera kayansa a kan buhuna, kowane ƙarfe da mazauninsa. Ya wanke su da kananzir a tsohuwar tasa. Ya kai kan injin Birnin Kudu aka kankare masa shi, ya sa sababbin fistin, ƙarafan nan masu hawa da sauka a cikin inji, waɗanda suka fi na da kauri, ya canza salansa da wata mai faɗin baki. Sai ya wuni yana goge hanyoyin da iska ke bi a cikin ƙarfen har su yi santsi kamar cikin ƙwarya. Abin da ya fi ji da shi kuwa ita ce kafireta, wadda ke haɗa fetur da iska ta shayar da inji. Tasa mai baki biyu ce, daga Kano ya taho da ita a naɗe cikin tsumma, ya ce ko a can sai an tona kafin a samu irinta.

Kakarmu, mahaifiyarsu, ta kan zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, inda take hango shi ta tsagar danga. Ba ta cika magana ba. Ranar da aka mayar da injin aka tayar da shi, ƙarar ta kori awaki daga turke, jaririn maƙwabta ya tsandara kuka. Baffa ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido yana murɗa wani ɗan ƙusa kaɗan-kaɗan har muryar ta daidaita. Da yamma ya fita gwaji a kan titin Birnin Kudu, ya dawo kafin a gama tuƙa tuwo, yana dariya, yana cewa babu motar da ta ga ƙeyarsa.

Kaka ta dube shi ta ce, "Wannan gudun duka, wa za a gujewa?"

Ya ce, "Inna, aiki ne kawai. Masu ita haka suke so."

Masu ita ɗin mun san su da gani. Mutum biyu ne, masu fararen kaya, suna zuwa jefi-jefi. Nesa da gida suke ajiye motarsu su tako. Ba su taɓa yin sallama a zaure ba, ba su taɓa tambayar mai gida ba. Sau ɗaya Kaka ta aike ni da ruwa a kwanon sha, dogon cikinsu ya ɗaga min hannu ya ce sun gode, ko kallon kwanon bai yi ba. Da na dawo da ruwan yadda na kai shi, Kaka ta leƙa kwanon ta ce, "Baƙon da ya ƙi ruwanka ba ya so ka san shi."

Magana ta fara yawo a gari. Wasu suka ce irin motocin nan 'yan fasa-ƙwauri ke nema, waɗanda ba sa tsayawa in an tsayar da su. Wasu suka rage murya suka ambaci masu tare hanya. Mai unguwa ya zo gaisuwa, gaisuwar da ta ƙare a gindin tsamiya yana zagaya motar hannuwa a baya. Maƙwabciyarmu ta hana 'ya'yanta shigowa. Mahaifina, wanda bai iya faɗa ba, ya ce wa ƙaninsa motar haya ba ta bukatar irin wannan ƙarfi, Baffa ya ce ai shi bai ce ta haya ba ce. Daga nan cin abincinsu tare ya koma shiru, sai ƙarar lomar tuwo.

Ana saura kwanaki kaɗan mutanen su zo ɗaukar mota, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Baffa ya kwance kafiretar don ya yi mata wankin ƙarshe, ya naɗe ta a tsummanta, ya ajiye a ɗakin zaure ya tafi masallaci sallar la'asar. Da ya dawo, tsumman ma babu.

Ban taɓa ganin gida ya birkice kamar a kwanakin nan ba. Mu yara aka fara tarawa, ana duba idon kowa. Daga nan zargi ya koma kan wani mai gyaran babur da ya taɓa zuwa kallo, har Baffa ya je rumfarsa suka yi ka-ce-na-ce, aka raba su da ƙyar. Aka ce ko mai unguwa ne ya sa aka ɗauke. Can kuma sai Baffa ya fara yi wa yayansa wani irin kallo, ya ce a gaban kowa, "Ɓarawon waje bai san inda na ajiye ta ba." Mahaifina ya miƙe ya bar masa tabarmar. Kowa a gidan ya koma lura da kowa. In ka shiga ɗaki ka daɗe, sai ka fito ka tarar da ido a kanka.

Mahaifiyata ce ta fara ganewa. Kullum da safe Kaka ke auno geron yini daga babbar randar da ke ƙuryar ɗakinta. Ran nan mahaifiyata ta zuba geron a turmi, ta ɗaga taɓarya, sai ta tsaya. Ta damƙo kaɗan ta kai hanci. Ta juya ta dubi surukarta, Kaka ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta kamar ba ta gani ba. Mahaifiyata ta wanke geron ta sake wankewa, ta ƙara citta da kanumfari a fura. Duk da haka da na sha, can ƙasan harshena na ji fetur. Matan gidan duka sun ji, kuma duka suka kama bakinsu.

Mutanen suka zo a ranar da aka yi da su. Wannan karon har gindin tsamiya suka shigo da motarsu. Na ji dogon yana ɗaga murya, yana cewa su ba sa jira, lokaci ya riga ya ƙure. Baffa na ba su haƙuri, yana cewa a ba shi dama ya je Kano ya nemo wata. Gajeren ya tofar da yawu a gefen tayar, suka shiga mota suka tafi. Ba su sake dawowa ba, kuma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, ba su taɓa aiko a ɗauki motar ba.

Ƙurarsu ba ta gama kwanciya ba Kaka ta fito da tsumman a hannu, gero na zuba daga jikinsa. Ta dire shi a gaban Baffa.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Inna, ke ce? Kin bari na zagi yayana. Kin kashe min aikin da ban taɓa yin irinsa ba."

Ta ce, "Ni ce. Faɗa min abin da za su ɗauka a cikin motar nan, in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Ya ce, "Ban tambaye su ba."

"To ni na tambaya," in ji ta, "ba wanda ya amsa min."

Ruwan fari ya sauka a wannan makon. Baffa ya nemi gafarar yayansa, ya je har rumfar mai gyaran babur ya ba shi hannu. Motar ta yi damina guda a gindin tsamiya ana jiran masu ita, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Daga baya, da shawarar mai unguwa, ya mayar da kafiretar ya fara jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu kafin masu ita su ɓullo. Samari na rububin shiga, tsofaffi kuwa sun gwammace su jira wata. Har ya rasu bai yarda cewa mutanen nan miyagu ba ne, ya kan ce zato ne kawai irin na tsofaffi. Amma ya sa wa ɗakin zaure kwaɗo, kuma bai ƙara karɓar aikin wanda bai san gidansu ba. Ni ma har yau ban san ko su wane ne ba.

Yanzu ɗana na fari shi ya gaji hannun. Ba ya rataye inji a bishiya. Wata na'ura yake jonawa a jikin mota, ya zauna yana latsa waya, ya ce ya ƙara mata ƙarfi. Masu ba shi aiki ba sa ma zuwa balle in aika musu da ruwa, a waya suke magana, wani yaro ya kawo motar wani ya zo ya ɗauka. Na tambaye shi ko ya san su, ya yi dariya ya ce, "Umma, zamani ya canza." Ranar nan da ya tafi masallaci na zagaya na leƙa cikin motar da ya bari a buɗe. Komai a rufe yake da baƙar roba, sumul. Na daɗe a tsaye, ban ga abin da zan iya cirewa ba.