Sista Bernice da Tafiya Zuwa Gindin Mangwaro

Kafin jirgin safe ya yi kuka a tashar Kafanchan, Sista Bernice Zamani ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta da ke bayan asibiti. Za ta goge sikeli, ta kunna 'yar fitilarta, ta jera kwalaben fitsarin masu ciwon suga. Kowanne sai ta ɗiga shi cikin wani shuɗin ruwa ta dafa a kan wuta. In ya zauna shuɗi, ta yi wa mai shi murmushi. In ya koma ja kamar jan bulo, to ranar za ka faɗi abin da ka ci, har da wanda ka ci a ɓoye. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Ni malamin makaranta ne, kuma ba na yabon mutum don a ji daɗi, ɗalibaina shaida ne. Amma matata Afiniki tana raye yau saboda wannan mata, don haka ku yi haƙuri da ni.

Shekara uku da suka wuce, a 1975, wani likita ya zo daga ƙasar waje da sabon magani na rage jiki, wanda ake son a gwada a kan manya masu ƙiba da ciwon suga. Mutum arba'in suka yarda, daga Zonkwa har Godogodo. Sista ce ta karanta wa kowa takardar, da Hausa da harshen gida, ta kuma gaya musu gwaji ne, wanda ya ji wani abu daban a jikinsa ya faɗa. Duk suka gyaɗa kai. Afiniki na cikinsu.

Da farko abin sai godiya. Cikin wata biyu Afiniki ta sauke laba goma sha huɗu, fitsarinta ya fara zama shuɗi. Ni kuwa na ɗauki abin kamar ni na haɗa maganin, ina ta baza labari a makaranta. Duk ranar awo likita zai tambaye ta, "Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Wani lokaci ma ni nake riga ta amsawa. Kun san mu. Mutuminmu ko yana kan gadon mutuwa, ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Likita baƙo ne, bai san haka ba, yana ta rubutawa yana murna.

Sista ta sani. Ranar wata Lahadi a majami'a, ta lura Afiniki, wadda ta fi shekara ashirin tana ba da waƙa a zumuntar mata, ta yi baiti ɗaya ta miƙa wa wata, ta zauna tana riƙe da benci. Ni da nake mijinta ina wurin, ban ga komai ba. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Washegari ranar awo ce. Bayan an sauko daga sikeli, Sista ta ce wa Afiniki, "Maman Dogara, zo ki raka ni gindin mangwaron can, ki ba ni labarin bikin 'yar ƙanwarki." Tsakanin ɗakin da itacen bai fi taku ɗari ba. Ba su yi rabi ba labarin ya yanke, Afiniki ta tsaya tana haki kamar wadda ta hau dutsen Kagoro da kaya.

"Tun yaushe?" in ji Sista.

"Ya kai sati uku."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Sista, wannan dokta ya bar gida, ya zo daga nesa domin taimakon mu. In ce masa maganin shi ba kyau? Ai zai ji kunya. Ga Malam kuma yana murna."

Sista ta waiwayo ta dube ni. Da zagina ta yi da ya fi mini wannan kallon sauƙi.

Ta karɓe sauran maganin, ta shiga wurin likita. Wilfred mai ba da magani yana ciki, shi ya gaya mini yadda aka yi. Likita ya nuna mata takardun awo, ya ce kowa ya ce lafiya lau. Ta ce, "Dokta, sikeli ya ce Afiniki ta ragu, amma bai ce tana numfashi ba. Mutanen nan nawa ne. Ba ni kwana biyu." Ta aika aka kira duka arba'in ɗin, ta bi da su ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin mangwaro, tana jan su da hira, likita na tsaye yana kallo. Mutum bakwai ba su kai ba. Dukansu bakwai sun ce masa da sauƙi a makon da ya wuce.

A gaskiya likitan mutumin kirki ne. A ranar ya tsayar da gwajin, ya rubuta wa waɗanda suka aiko shi, ya sa aka kwantar da mutum bakwai ɗin. Afiniki ta yi kwana ashirin da uku a gado. Na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba, na ji tsoro ƙwarai. Ranar da ta taka da ƙafarta har gindin itacen nan tana yi mini faɗa a kan rigar da ban wanke ba, ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Dukansu bakwai sun koma gida.

Sista, ke ce mai kunnen da ke jin abin da ba a faɗa ba. Ke ce kika zauna da matanmu bayan haka, kika koya musu tuwon acca da ganye mai yawa, da rage cokalin suga a koko, da tafiya majami'a da ƙafa. Jikin Afiniki yana raguwa a hankali, kuma tana kai waƙa har baitin ƙarshe. Ba a sa sunanki a wata takarda ba. To ga shi na sa.

Ku matasa masu shiga aikin jinya, in an ce muku da sauƙi, ku sake tambaya, ku tashi ku taka da mutum. Mu kuma marasa lafiya mu daina kashe kanmu da kara.

Makon jiya muka je gaishe ta a ɗan ɗakinta na bayan asibiti. Shekarun tsayuwa sun taɓa mata gwiwa, da ƙyar ta tashi ta tarye mu. Na ce, "Sista, yaya ƙafa?"

Ta ce, "Da sauƙi, Malam."

Afiniki ta ajiye jakarta, ta kama hannunta. Ta ce, "To zo ki raka ni gindin mangwaro."

Mun gode, Sista Bernice. Ubangiji ya ba ki masu lura da ke kamar yadda kika lura da mu.