Fankar Kifi

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin famfo da injin ruwa, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba ta watan Agusta, lokacin ina aiki a wani otal a Daura, kan hanyar Kwangwalam. Ku da kuke koyon aiki a hannuna kuna jin ina yawan faɗa a kan sunan kaya, har wasunku na cewa rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne. Bari ku ji inda abin ya samo asali.

Otal ɗin ba babba ba ne. Alhaji mai otal ne a sama, sai manaja, Malam Kabiru, sai shugabannin sassa: na ɗakuna, na kicin, da ni shugaban sashen gyara. Sashen nawa ni kaɗai ne a cikinsa, ni ne shugaba ni ne mabiyi. Injiniya ake kirana, ko da yake takardar makarantar koyon sana'a kawai gare ni, kuma ban taɓa hana kowa kiran ba.

A falon karɓar baƙi akwai wata doguwar kanta ta siminti. Da can mashaya ce. Da shari'a ta zo aka kwashe kwalabe, kantar ta zauna haka nan shekara da shekaru, ba a san abin da za a yi da ita ba. Alhaji ɗan kasuwa ne mai zuwa ƙasashen Larabawa saro kaya, a can ya ga akwatin gilashi cike da kifi masu launi, ya dawo ya ce a kan kantar nan za a ɗora masa irinsa. Kuma ba tarwaɗa ko ƙarfasa yake so ba, kifin teku yake so, a garin da ko kogin kirki babu.

Wani mutumin Legas aka ɗauko ya haɗa akwatin. Kwana tara ya yi, ni kuma ina biye da shi ina koyo. Ruwan rijiyar burtsatsenmu sai an tace shi sarai, sannan a zuba masa wani gishiri na musamman da ke zuwa cikin buhu, ba gishirin miya ba, a auna da wani ɗan ma'auni har ya yi daidai da ruwan teku. A ƙarƙashin akwatin akwai kabad, a ciki akwai injin da ke jan ruwa ya tace ya mayar. Akwai hita mai ɗumama ruwan. An jera duwatsu masu ramuka a ciki, da murjani mai rai, wanda ni a da na ɗauka a wuyan mata kawai ake ganinsa. An kuma haɗa komai da batura, don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da aiki.

Sai wasu ƙananan na'urori biyu, kowace kamar dunƙulen hannu, da 'yar farfela a cikin raga. Maganaɗisu ne ke riƙe su a jikin gilashi, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Wannan ta hura ruwa ta lafa, waccan ta karɓa, sai ruwan ya riƙa kai da komo kamar igiyar teku. Mutumin Legas ya ce sunansu wefmeka, wato mai tada igiyar ruwa. Ya ce kifi iskar da ke cikin ruwa yake shaƙa, iskar kuwa ba ta shiga sosai sai saman ruwan na motsi. Ya ce idan ruwa ya kwanta, dauɗa na taruwa a ramukan duwatsu ta ruɓe, murjani kuma ba ƙafa gare shi ba, ruwa ne ke kai masa abinci har baki. Injin kabad ɗin shi kaɗai ba ya isar akwati mai wannan girma.

"Idan ka manta abinci kwana biyu, ba abin da zai same su," in ji shi. "Amma waɗannan biyun kada su tsaya."

Bayan wasu makonni, da ruwan ya nuna ya isa zaman kifi, aka kawo kifi goma sha ɗaya. Ranar Alhaji ya miƙa mini makullin kabad a gaban manaja. Ya ce, "Injiniya, amana ce. Idan sun rayu kai ne, idan sun mutu kai ne."

Washegari manaja ya tara ma'aikata don in yi musu bayani. Wata mai share ɗakuna ta nuna na'urorin ta ce mene ne waɗannan masu juyawa. Na duba fuskokinsu, na ga wa zan tsaya yi wa dogon Turanci. Na ce, "Fanka ce. Fankar kifi." Aka yi dariya, suna ya bi su. Har a jikin soket ɗinsu da ke bango, bayan kanta, na manna salatif na rubuta da hannuna: FANKA 1, FANKA 2. Na ce kada kowa ya taɓa komai na akwatin, amma ban faɗi dalili ba. Gaskiya ina jin daɗin a ce ni kaɗai na san sirrin abin a duk otal ɗin.

Cikin masu sauraro har da Baba Ilu, mai gadin falo. Dattijo ne mutumin Baure, ya yi kiwo kafin ƙarfi ya ƙare ya shigo gari. Aikinsa daga magariba ne zuwa ƙarfe takwas na safe, lokacin da nake isowa. Babu wanda ya kai shi son kifin nan. Shi ya raɗa musu suna: mai ruwan lemo da farin zane shi ne Mai Lalle, shuɗin shi ne Ɗan Marina, mai ruwan ɗorawa kuwa Amarya. Kowace safiya sai ya ba ni labarin wanda ya kori wani daga raminsa.

Muka ci bazara lafiya. Baƙi na tsayawa ɗaukar hoto, Alhaji na kawo abokansa kallo. Da damina ta yi nisa sai abubuwa suka fara canjawa. Wani maiƙo-maiƙo ya riƙa kwanciya a saman ruwan, wata jar gansakuka ta fara cin yashin ƙasa, murjani ya tsuke ya ƙi buɗewa. Na auna gishiri, daidai. Na duba zafi, daidai. Na wanke matatar ruwa, na canja wani kaso na ruwan. Na buga wa mutumin Legas waya, tambayarsa ta farko ita ce ko na'urorin nan biyu na aiki. Na ce ga su nan ina kallonsu suna juyawa, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ranar Asabar muka wayi gari Amarya ta mutu. Litinin wani kifin ya bi ta. Talata sai Ɗan Marina, wanda ya fi kowanne girma. Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya gaban akwatin ya ƙirga kifin da suka rage. Manaja ya ce shi yana zargin da hannun wani a ciki, a tara ma'aikata kowa ya dafa Alƙur'ani. Alhaji ya ce ba ya wasa da rantsuwa a kan kifi. Ya juyo gare ni.

"Na ba ka zuwa Juma'a. Idan an gano wanda ya jawo wannan, shi zai bar aiki. Idan ba a gano ba, ka ajiye mini makullina."

Na ce to, ranka ya daɗe. 'Ya'yana biyar a lokacin, kuma babu wani otal a garin da ke neman injiniya irina. Na ji tsoro ƙwarai. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Laraba aka tashi da marka. Tun kafin asuba ake ruwa, ba ƙarfi ba tsayawa, gari ya yi sanyi, rana ko alamarta babu. Na kasa zama a gida, na hau mashin na iso otal bakwai da rabi, sharkaf. Ina shiga falo na ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwan akwatin ya kwanta luf kamar na randa. Kifin da suka rage duk sun taso sama suna buɗe baki. Na zagaya bayan kanta, na tarar soket biyun nan a kashe. Na kunna su nan take.

Baba Ilu na zaune a benci ya lulluɓa da bargo. Ko gaishe shi ban yi ba.

"Baba, wa ya kashe wannan?"

"Ni ne, Injiniya. Yau rana ba ta fito ba, shi ya sa ban kunna ba tukuna."

"Tukuna? Ka saba kashewa ke nan?"

"Tun da sanyin damina ya shigo. In na yi sallar isha'i sai in kashe musu, in rana ta fito in kunna." Ya gyara bargonsa, hankalinsa kwance. "Kai da bakinka ka ce fanka ce. Wa ke kwana da fanka a wannan sanyin? Baƙi ma kashe tasu suke yi. Su kuwa ga su tsirara cikin ruwa, ba riga ba mayafi. Da na ga sun fara mutuwa na ce sanyi ne ya kama su, har na ƙara musu lokaci. Dabba ba ta da baki, ɗan nan, amma Allah zai tambaye mu hakkinta."

Sai na fasa faɗan da na ɗauko. Na zauna kusa da shi na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun watanni biyar baya: ba iska take hura musu don zafi ba, ruwa take motsawa don su samu numfashi. Ya saurara har na gama. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Wato ni na shaƙe su," in ji shi. "Shekara talatin ina kiwo, ko ɗan akuya bai taɓa mutuwa a hannuna da sakaci ba."

Da manaja ya iso Baba bai jira an tambaye shi ba, shi ya je ya faɗa da kansa. Malam Kabiru ya bi ƙa'ida: an ce kada a taɓa, an taɓa. Ya rubuta takardar sallama ya ajiye sai Alhaji ya zo ya sa hannu, ya ce Baba ya jira a benci. Ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina. An samu mai laifi, ya amsa da bakinsa, makulli ya tsira a aljihuna.

Na shiga aikin ceton sauran. Na haɗa sabon ruwan gishiri, na zuƙe dauɗar da ta taru a ramukan duwatsu da tiyo, na kwashe maiƙon sama. Wajen jona tiyon ne na durƙusa bayan kanta, idona ya faɗa kan salatif ɗin nan. FANKA 1, FANKA 2, da rubutuna mai karkata. Baba Ilu ba ya karanta boko, amma ba ya buƙata, ai daga bakina ya ji. Na ɗaga kai na hango shi a benci, ya naɗe bargonsa ya ɗora tocilarsa a kai, ya shirya miƙa kayan aiki. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a wurin aiki.

Alhaji ya iso bayan azahar. Muka shiga ofis, ni da manaja da Baba. Manaja ya karanta abin da ya faru ya tura takarda. Kafin Alhaji ya ɗauki biro na ce ina da magana.

"Ranka ya daɗe, hannun Baba ne ya kashe soket, amma bakina ne ya aike shi. Ni na ce musu fanka ce. Da fanka ce, abin da ya yi shi ne daidai."

"Me ya hana ka gaya musu amfaninta?"

"Girman kai, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da na ce jiya? Wanda ya jawo shi zai tafi."

"Na sani."

Baba ya ce a'a, shi ya taɓa, a bar yaro da iyalinsa. Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauki biro ya juya shi a hannu. Can ya ninke takardar sallamar ya sa a aljihu.

"Baba Ilu, koma bakin aikinka. Kai kuma Injiniya, da na kore ka yau, amma duk otal ɗin nan babu wanda ya san aikin akwatin sai kai. Wannan ma laifinka ne."

Ya sa manaja ya rubuta mini takardar gargaɗi ta ƙarshe aka sa a fayil ɗina, kuma saboda ita aka tsallake ni da aka zo ƙarin girma a shekarar. Ya kuma ce kafin wata ya ƙare, kowane ma'aikaci, har masu wanke kwanuka, ya san aikin kowace na'ura da ke jikin akwatin.

Da Baba na fara. Na nuna masa hita na ce, "Ga bargonsu nan, Baba, ba sa jin sanyi." Na ɓare tsohon salatif na manna sabo na rubuta NUMFASHI. Ya ce in ba shi biron, ya rubuta a ƙasa da ajami, yadda shi ma zai iya karantawa. Kifi takwas ɗin da suka rage duk sun rayu, murjani ya buɗe bayan mako biyu. Daga ranar, duk lokacin da aka ɗauke wuta, Baba ba ya komawa benci sai ya ga saman ruwan na rawa.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a tamu ba mugu ne ya fi yin ɓarna ba, mutumin kirki ne da aka bari cikin duhu. Idan ka ce wa mutum kada ya taɓa, ba ka gaya masa dalili ba, ranar da tausayinsa ya ba shi nasa dalilin zai taɓa. Shi ya sa nake hana ku kiran abu da sunan abin da ya yi kama da shi. Ku kira shi da aikin da yake yi, ku kuma faɗa wa mai shara da mai gadi, don su ne ke tare da shi lokacin da kuke gida.

Bayan wata biyu Alhaji ya sa aka kawo sababbin kifi uku, har da wani shuɗi kamar Ɗan Marina. Na kira Baba na ce ya zo ya raɗa musu suna. Ya tsaya ya dube su ya daɗe, sannan ya girgiza kai.

"Kai ka raɗa, Injiniya," in ji shi. "Amma wannan karon ka yi tunani kafin ka faɗa."