Kujerar Ɗan Yayata

Mun bar Zariya ana idar da sallar asuba, ni da Yayata da ɗanta mai shekara uku. Tun da aka haifi yaron bai taɓa zama da kansa ba, wuyansa ba ya tsayawa. A kishingiɗe ake ba shi kunu, kuma kwanan nan ya fara ƙwarewa har idonsa ya kakkafe. An ce mana akwai mai haɗa wa irinsu kujera a Unguwar Sarki, amma daga azahar ɗin ranar zai yi tafiya, sai bayan Sallah.

Direbanmu bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba. A Kawo muka sayi ƙosai, ya yi tsada kuma ya ƙanƙance, loma ɗaya ka gama da shi.

Muka sauka gidan Goggonmu a Badarawa. Nan Yaya ta kafe ba za ta fita da yaron ba, ta gaji da kallo da “Allah sarki”. Goggo ta ɗauko zare ta auna bayansa da cinyarsa, sannan ta ƙara taki guda, yadda ake yi wa kayan Sallah. “Yaro girma yake, 'yar nan,” in ji ta.

Ni da Yaya muka bar yaron wurin Goggo muka tafi da awon. Mai kujerar ya dubi zaren ya miƙo mana abinmu. “Hajiya, in ta yi masa yawa zamewa zai yi, kansa ya koma baya, ƙwarewar ta fi ta da. Ku kawo shi. Ana kiran salla zan rufe.”

Muna fitowa ruwa ya kece. Keke ya yi ɓatan dabo, kwatoci suka cika suka hau titi. Wallahi raina ya ɓaci, da Goggo, da Yaya, da ni da na yi shiru ana awon. A ƙafa muka koma, jagab. Yaya ta saɓa yaron a kafaɗa, ko mayafin da take rufe shi da shi ba ta nema ba. Da ƙyar wani mai Keke, Bakatsine, ya tsaya mana. Wata mata a ciki ta ƙura wa yaron ido, Yaya ta ce, “Baiwar Allah, matsa mana, sauri muke.”

Mun isa ladan yana gwada lasifika, mutumin har ya ja ƙofa ɗaya. Ya zaunar da yaron, ya matse nan, ya tokare can, ya ɗaura masa ɗamara a ƙirji. Yaya ta durƙusa da cokalin kunu ta kai wa yaron baki. Ya haɗiye, ba tari. Ya sake buɗe baki.

Da la'asar muka shiga Zariya, kujerar na kan cinyata don ban yarda da bayan mota ba. Abin da na koyo, irin wannan kaya ba a aiken awonsa, da mai shi ake zuwa, a kalle ku in za a kalla. Yau da safe Yaya ta kira ni, wai ya shanye kofi guda yana kukan ƙari.