Jirgin Malam Barau Ya Sha Kwalta

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube a Dutse, har da Malam Barau mai zanen filaye. Kowa ya zo da katifa da risho, shi kuwa har da kwalaye shida da ya saya a gwanjon kayan wani Bature malamin makaranta. Kowane kwali akwai jirgin ruwa na roba a ciki, amma gutsi-gutsi, sai mutum ya bi takarda ya haɗa da gam.

Kwalayen sun tsufa. Gam ya bushe, roba ta yi gautsi, wata ma zafi ya lanƙwasa ta. Barau bai taɓa ganin teku ba, amma duk Asabar yana zaure da reza da hantsaki, yana manna abin da bai kai ƙwayar gero ba. In ƙuda ya sauka a kan fenti, ranar gidan ba mai jin daɗinsa.

Abin da ke ƙona masa rai tambaya ce guda. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "To, yana tafiya a ruwa?" Ya yi bayani har ya gaji: na kallo ne, kwafin na gaske ne, kowace taga a gurbinta. Sai a gyaɗa kai a fita ana cewa motar kara ma da yara ke yi tana gungurawa. Da aka ƙaddamar da Shari'a liman ya ce 'yan mitsi-mitsin matuƙan da ke kan jiragen surori ne, ajiye su haramun. Barau bai yi musu ba, ya ɓamɓare su ya zuba a gwangwanin madara, yana zaton daga nan an bar shi ya huta. Ina!

Na shidan shi ne babba, jirgin yaƙi mai tsawon kamu biyu, da hasumiya da bindigogi. Shekara uku ya ci, kuma daga shi babu sauran kwali, babu inda za a samo wani. Satin da ya gama shi ne surukinsa Alhaji Jaji, mahaifin matarsa Zinariya, ya zo ganin jikoki. Tsohon masunci ne daga Haɗeja, kwale-kwalen da ya gyara a rayuwarsa ba su ƙirguwa.

Alhaji ya ɗauki jirgin ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa cikinsa da farce. "Wannan zai sha ruwa," in ji shi. "Ga tsaga nan a ƙasa. Kuma kaya sun yi masa yawa a ka."

Da wani ne ya faɗi haka, da ya ji ba daɗi. Amma wa ya isa ya gyara wa surukinsa zance? Barau na durƙushe, kai a ƙasa, ya ce, "Haka ne, Baba."

Ya ja Zinariya gefe. "Don Allah ki faɗa wa Baba na kallo ne."

"Ni? Malam, ai da bakinka ka ce masa haka ne."

Ran Litinin ya ɗora jirgin can saman kabad ya tafi ofis, hankalinsa duk a gida. Da la'asar, tun daga bakin layi warin kwalta ya tare shi. A ƙofar gidansa maƙwabta sun yi da'ira, a tsakiya ga bahon wankin Zinariya cike da ruwa, ga jirginsa a ciki yana yawo.

An cusa tsumma a tsagar, an shafe ƙasan da kwalta baƙi ƙirin, zafinta har ya karkatar da hancin jirgin. Hasumiya da bindigogi an tsinke su an tara a faifai. An zuba masa yashi a ciki don ya zauna daidai.

"Tun hantsi nake fama da shi," in ji Alhaji, yana goge hannu, fuskarsa cike da murna. "Sau biyu yana nutsewa. Ka yi ƙoƙari, ɗana, amma aikin ruwa sai ɗan ruwa."

Baƙin ciki ya kama Barau, har idonsa ya kawo ruwa. Tsohon ya wuni a rana saboda shi, kuma da zuciya ɗaya ya yi, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara girma."

Maƙwabta suka yi ta miƙo masa hannu. "Ashe dai ka iya, Malam Barau!" Shekara goma yana wannan aiki a unguwar, sai yau aka yaba masa.

Alhaji ya leƙa gwangwanin kwaltar da ke kan murhu, ya ce, "Akwai sauran kwalta da yawa. Gobe kafin ka fita ka sauko mini da sauran biyar ɗin."

"To, Baba," in ji Barau.