Akwatin da ke Kan Kabad

Injiniya bai taɓa zama ajin injiniyanci ba. Agogo yake gyarawa a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, yau shekara talatin da ɗoriya. Tun da ya tayar da wata rediyo da kowa ya fid da rai da ita sunan ya bi shi, shi kuma ya riƙe hannu bibbiyu. A gidansa duk abin da ya yi tari sai an buɗe cikinsa: fanka, dutsen guga, har tocila. Wasu sun tashi, wasu sai dai a yi haƙuri, kuma kullum sai ƙusa ɗaya ta yi saura a tafin hannunsa.

Abin alfaharinsa wani akwatin intanet ne da ya sayo a gwanjo, ya gyara, ya ɗora kan kabad. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa yadda fitilunsa ke ƙiftawa.

Matarsa, Malama, tana koyarwa a firamare. Da kwamfutarta ta fara jan ƙafa, ranar Laraba ya yi mata wankin ciki: ya kwashe takardun Malama a filashi, ya goge komai, ya zuba sabuwar manhaja. A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Sai dai intanet ya ce ga garinku nan. Ga shi ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe shafin da Malama za ta tura sakamakon jarrabawar ɗalibanta arba'in da biyu, wayoyin gidan kuwa duk ƙanana ne masu madanni.

Ranar Alhamis bai fita rumfa ba. Ya kashe akwatin ya kunna sau bakwai. Ya hure masa ƙura, ya canza masa waya, ya hau kujera ya ɗaga shi sama kamar mai shanya. Kwamfutar ta kafe a kan magana ɗaya: a ba ta kalmar sirri. Ya sa wadda ke rubuce a gindin akwatin, ta ƙi. Ya sa ranar aurensu, ta ƙi, Malama kuma ta ce ai ranar ma ba daidai ya sa ba.

Ƙarfe biyu da rabi ya ɗauko sukudireba.

"Malam, ajiye," in ji Malama. "Akwatin nan babu ko layi a cikinsa. Ƙifce kawai ya iya."

"To shekara huɗu da me muke shiga?"

Ta nuna bango da haɓa. "Da na Tela. Ranar da aka kawo kwamfutar kana rumfa, na miƙa masa ya sa mini kalmar sirrinsa. Ka dawo ka ga tana yi, ka hau murna, ni kuma na kasa ɓata maka."

Injiniya ya zauna daɓas. Tela maƙwabcinsu ne, aminin da a da ba sa cin abinci sai tare. Shekara uku ke nan ko sallama ba ta haɗa su, a kan magudanar ruwan da ke tsakanin gidajensu. Kullum Injiniya sai ya yi rantsuwa cewa ko allura ba zai ara a gidan ba, ashe safe da yamma ruwan rijiyar mutumin yake sha. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi.

"Je ki ke," ya ce.

"Wanda ya goge, shi zai je. Saura awa ɗaya da rabi."

Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofofin, amma sai da ya tsaya gyara takalmi sau biyu. Ya tarar da Tela a kan keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya. Ya yi sallama da ƙyar, kwamfuta a hammata.

"A'a, Injiniya da kansa!" in ji Tela. "Ta mutu ne, ko kai ka gyara ta?"

Injiniya ya miƙa masa kwamfutar. "Kalmar nan taka nake so. Don Malama, ba don ni ba."

Tela ya karɓa, ya sa tabarau, ya danna da yatsa ɗaya. Nan take shafin makaranta ya buɗe.

"Da ma ka san muna shiga?" Injiniya ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Tun ranar da muka yi faɗa 'yata ta ce in canza kalmar. Ta nuna mini a waya inda ake ganin masu shiga. Na ce a bari." Ya cire tabarau yana gogewa da ƙyalle. "Tunda ka daina gaishe ni, nan nake dubawa kowace safiya. In na ga kwamfutarku a jerin, na san kun tashi lafiya. Yau ban gan ta ba. Sau biyu ina zuwa ƙofarka ina dawowa."