Sharhin da Yaya Sabi'u bai rubuta ba

Da watan nan Yaya Sabi'u ya cika shekara uku da rasuwa. Sau biyu ina zama in rubuta wani abu a kansa ina fasawa, don ban san ta inda zan ɓullo wa mutumin da na rabu da shi ina jin haushinsa ba. Bana na ce ko yaya ne zan rubuta.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinsa kula da ƙofofin ruwa a kanal ɗin da ya bi ta wajen Bunkure: ya buɗe wa wannan layin gonaki yau, ya rufe, gobe ya buɗe wa wancan. Aiki ne mai yawan zaman jira, kuma a zaman jiran nan ya kamu da karatun littattafan soyayya. Ba kowanne ba. Ya fi son waɗanda ake soyayya cikin fargaba, inda amarya ke zargin angonta da kisa, ko saurayi ke neman wanda ya sace masoyiyarsa. Cikin jakar buhu yake ɓoye su, ƙarƙashin ƙunshin rogonsa, don manoma kada su ga magidanci mai gemu da 'ya'ya huɗu yana karanta littafin da aka zana fure a bangonsa.

Wani abokinsa malamin makaranta ne ya buɗe masa shafi a intanet. Daga nan duk Asabar sai ya hau mota daga Kura zuwa birni, ya shiga kafen intanet, ya buga sharhin da ya rubuto a takarda, da yatsa biyu, yana yi yana duban agogo. Sunan aro ya sa. Ba wanda yake biyansa, kuma masu karantawa ba su da yawa, amma suna nan, suna amsawa.

Ban taɓa zaton abin sha'awa zai iya zama wa mutum kaya ba sai a kansa. In ya faɗi yadda labari ya ƙare, a ce ya ɓata wa mutane karatu. In ya ɓoye, a ce to me ya faɗa? Marubuta suka fara aiko masa da littattafai kyauta ta hannun mai kafen, shi kuma ya kasa mayarwa, ya kasa yabon abin da bai yi masa ba. Wata marubuciya da ya ce ya gano mai laifin labarinta tun babi na biyu ta rubuto masa cewa hassada ce ke cinsa. Sati biyu yana juya maganar. Ya ce mini, "Hajo, ni da ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na labari ba, hassadar me zan yi mata? Amma kuma ta sha wuya kafin ta buga shi. Wannan na sani."

A lokacin ina koyarwa a firamare, kuma a ɓoye ina rubuta nawa. Labarin wata budurwa ce da angonta ya ɓace saura sati a ɗaura aure, sai wasiƙu suka riƙa zuwa mata da rubutun hannunsa. Shekara biyu na yi a kansa. Ranar da aka kawo shi daga maɗaba'a, kafin in nuna wa mijina, na hau babur na kai wa Yaya har bakin kanal. Ya wanke hannunsa, ya goge a riga, sannan ya karɓa. Na ce ina son ya yi sharhinsa a shafin.

Ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, "In na yaba, ƙanwata na yaba. In na kushe, da wane ido zan kalle ki a ɗakin Inna?"

Na ce, "Yaya, ai ba wanda ya san ni ƙanwarka ce."

Ya ce, "Ni na sani."

Na dawo gida ina kuka. Asabar ta zo ya yi sharhin littafin wani, ta bayanta ma haka. Na yanke a raina cewa littafina ne bai yi masa ba, yake fakewa da zumunci. Wata biyu ban taka gidansa ba. Da muka haɗu a wajen wani suna a Madobi, gaisuwa kawai na yi na wuce, ina jinsa yana kiran sunana.

Ana tsakiyar ɗiban tumatir zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi. Ranar da na je asibiti ya rame har na tsorata. Ya yafito ni da hannu, ya ce, "Hajo, na kai shafi na tamanin." Na ce, "Bar maganar littafi, Yaya, ka ji da jikinka." Sai ya rufe ido. Na ɗauka tausayi na yi masa. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan sadakar arba'in matarsa, Anti Rabi, ta ba ni jakar buhun nan. Littafina na ciki, bangon ya yi laushi don yawan riƙewa. Ya ja layi da fensir ƙarƙashin wasu jimloli, daga shafin farko har na tamanin, bai rubuta ko kalma ɗaya a gefe ba. Na tambayi Anti Rabi ko ta san ma'anar layinsa. Ta ce ita dai tana ganinsa yana ja. Na tambayi abokinsa malamin, ya ce wani lokaci abin da ya burge shi yake ja wa layi, wani lokaci abin da zai kushe. Na karanta jimlolin nan har na haddace su. Wata rana in ga sun yi kyau, wata rana in ji kunyarsu.

Shafinsa yana nan. Na je kafen na rubuta a ƙarƙashin sharhinsa na ƙarshe cewa Allah ya yi masa rasuwa, sai kwamfutar ta ce saƙon yana jiran amincewar mai shafin. Ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Masu karatunsa, in suna leƙowa, ƙila sun ɗauka gajiya ya yi ya bari.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Yanzu an fara karanta intanet a waya, da ba sai ya bi mota ba. Yanzu kuma ake ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan soyayyar nan, masu cewa a hana da masu cewa a bari, kuma yawancinsu ba su karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Ina jin da ɓangarorin biyu duk sun ji haushinsa. Ni ban sake buga littafi ba. Na fara na biyu, yana cikin akwati.

Kwanan baya a kasuwar Kura wani dattijo mai sayar da albasa ya gane ni. Gonarsa tana can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a makare. Ya ce wata shekara shinkafar mahaifinmu ta fara bushewa, Baba ya je da kansa ya roƙi Yaya ya buɗe masa ruwa kwana ɗaya kafin ranarsa. Yaya ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce ranar ta mutanen ƙarshen layi ce. Da yamma kuma aka gan shi yana jidar ruwa da bokiti zuwa gonar Baba har magariba.

Ban san wannan ba sai ranar. Na tsaya riƙe da ledar albasa. Wata biyun da na ƙaurace masa, ashe shi yana can bakin kanal da fensir, yana bin littafina jimla-jimla. Abin da ya so ya faɗa mini a asibiti ni na hana shi faɗa, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙanka, Yaya Sabi'u, ya yafe maka. Ni ma ina fatan ka yafe mini.